Fayil ɗaya, manhajoji da yawa: Yadda injiniyoyi ke kula da saitin da aka yi tarayya a kansa

Da yammacin ranar Litinin, 4 ga watan Oktoba na 2021, da misalin ƙarfe biyar saura na agogon Najeriya, manhajojin WhatsApp da Facebook da Instagram suka ɗauke a lokaci guda a faɗin duniya. Mai sayar da atamfa da ke jiran saƙon abokin ciniki ya yi ta kashe waya yana kunnawa, wasu kuma suka ɗora laifin a kan kamfanonin sadarwa, suna zaton data ce ta ƙare ko sabis ne ya yi rauni. An shafe kusan awa shida kafin al'amura su daidaita.

Bayanin da kamfanin Facebook ya fitar daga baya ya nuna cewa babu hannun masu kutse a lamarin. Wani sauyin saiti ne da aka yi wa na'urorin da ke haɗa cibiyoyin adana bayanan kamfanin ya katse hanyar da ke tsakaninsu. Akwai manhajar da aka tanada domin ta tantance irin wannan umarni ta hana mai haɗari wucewa, sai dai ita ma tana da aibu, don haka ta bar shi ya wuce. Tun da manhajojin uku a kan hanya ɗaya suke tafiya, tare suka faɗi. Hatta kayan aikin da injiniyoyin kamfanin za su yi gyara da su sun tsaya, sai da aka tura mutane da ƙafarsu zuwa inda na'urorin suke.

Wannan lamari ya fito da wata matsala da duk kamfanin da ke da manhaja fiye da ɗaya yake fama da ita, ko da jama'a ba su cika jin labarinta ba: yadda za a kula da fayilolin saiti waɗanda manhajoji daban-daban suke dogaro da su a tare.

Mene ne fayil ɗin saiti?

Kowace manhaja tana da sassa biyu. Akwai rubutun da injiniyoyi suka yi, wanda ke koya wa kwamfuta yadda za ta gudanar da aiki, misali yadda za ta lissafa haraji a kan kuɗin kaya. Akwai kuma bayanan da ke iya sauyawa daga lokaci zuwa lokaci ko daga wuri zuwa wuri, misali adadin harajin kansa. Waɗannan bayanai na biyu su ake kira saiti, kuma galibi ana ajiye su a wani ɗan ƙaramin fayil na daban wanda manhajar ke karantawa idan ta tashi aiki.

Abubuwan da ake samu a irin wannan fayil sun haɗa da adireshin rumbun bayanai, da iyakar kuɗin da mutum zai iya turawa a rana, da tsawon daƙiƙoƙin da manhaja za ta jira amsa kafin ta haƙura, da harsunan da za ta nuna, da kuma wasu makunnai na "kunna" ko "kashe" da ke buɗe wani sashe na manhaja ko su rufe shi. Ana rubuta fayilolin da wasu tsare-tsare sanannu irin su JSON da YAML da XML. Sau da yawa fayil ɗin bai wuce shafi ɗaya ko biyu ba.

Hikimar raba saiti da rubutun manhaja a fili take. Idan hukuma ta sauya wani adadi, ba sai an sake gina manhaja daga tushe ba, layi ɗaya za a gyara. A ranar 1 ga Fabrairun 2020, harajin VAT a Najeriya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin 100, bisa Dokar Kuɗi ta 2019. Duk manhajar da ke fitar da rasit ko takardar neman biya a ƙasar sai da aka sauya mata wannan adadi. Wadda aka ajiye adadin a fayil ɗin saiti, gyaranta na minti kaɗan ne. Wadda kuwa aka cusa shi a cikin rubutunta a wurare goma, sai an bi an zaƙulo su ɗaya bayan ɗaya, tare da fargabar cewa an manta da wani.

Inda matsalar take farawa

Kamfani ɗaya yakan mallaki manhajoji da dama. A ɗauki misalin kamfanin hada-hadar kuɗi: yana da manhajar waya, da shafin intanet, da tsarin lambobin USSD na masu ƙananan wayoyi, da manhajar na'urar POS, da kuma wadda ma'aikatansa ke amfani da ita a ofis. Kowace tana da rukunin injiniyoyin da ke kula da ita, amma dukkansu suna buƙatar bayanai iri ɗaya, kamar jerin bankuna da lambobinsu, da kuɗin da ake caja a kan tura kuɗi, da adadin haraji.

Haka abin yake a ma'aikatun gwamnati. Dokar Fansho ta 2014 ta tanadi cewa ma'aikaci zai riƙa ba da aƙalla kashi 8 cikin 100, wanda ya ɗauke shi aiki kuma kashi 10. A watan Yulin 2024 aka sanya hannu a kan dokar da ta kai mafi ƙarancin albashi Naira 70,000. Manhajar biyan albashi da ta lissafin fansho da ta tsara kasafi duk suna buƙatar irin waɗannan alƙaluma, kuma dole su zama iri ɗaya a ko'ina.

Hanyoyi biyu ne a gaban injiniyoyi. Ta farko, kowace manhaja ta riƙe kwafinta na fayil ɗin. Wannan ita ce mafi sauƙi a ranar farko, kuma ita ce ƙananan kamfanoni suka fi faɗawa ciki ba tare da sun yi shawara ba: wani ya kwafi fayil daga tsohon aiki zuwa sabo, shi ke nan. Bayan wata shida sai a gyara kwafi uku a manta da biyu. Daga nan manhajar waya ta caji wani adadi, na'urar POS ta caji wani, abokin hulɗa ya zo ofis da rasit biyu da suka saɓa wa juna, babu kuma wanda zai iya cewa ga na gaskiya.

Hanya ta biyu ita ce a ajiye fayil ɗaya tak, kowace manhaja ta riƙa ɗauka daga gare shi. Saɓani ya kau, domin kowa da mudu ɗaya yake awo. Amma ɗan kasuwa ya san abin da ke faruwa idan mudun da kasuwa gaba ɗaya ke awo da shi ya lotse: kowane ciniki na ranar ya sami tangarɗa. Kuskure ɗaya a fayil ɗin tarayya yana isa ga kowace manhaja a lokaci guda. Aikin kula da saiti gaba ɗayansa ƙoƙari ne na cin moriyar hanya ta biyu tare da rage wannan haɗari nata. Tarihin 'yan shekarun nan ya nuna irin asarar da kowace hanya ke jawowa idan aka yi sakaci.

Dala miliyan 440 cikin minti 45

A shekarar 2012, Knight Capital wani babban kamfanin dillancin hannun jari ne da ke Jersey City a Amurka. A ƙarshen watan Yulin 2012 ya shirya sabon rubutu ga manhajarsa ta aika odar saye da sayarwa, domin shiga wani sabon tsari da kasuwar hannun jari ta New York za ta fara ranar 1 ga Agusta. Manhajar tana aiki ne a kan manyan kwamfutoci takwas. Ma'aikacin da aka ɗora wa aikin ya saka sabon rubutun a kan bakwai, ya tsallake ta takwas, kuma babu mutum na biyu da ya bi sawunsa ya duba.

Abin da ya mayar da wannan mantuwa bala'i shi ne wani makunnin saiti. Injiniyoyin sun ɗauki tsohon makunni, wanda a da yake kunna wani sashe mai suna Power Peg da aka daina amfani da shi tun 2003 amma ba a goge shi ba, suka ba shi sabon aiki. Da aka kunna shi a safiyar 1 ga Agusta, kwamfutoci bakwai suka fahimce shi da sabuwar ma'anarsa, ta takwas kuwa ta tayar da tsohon sashen da ya shekara tara yana kwance. Sashen ya shiga aika oda babu ƙaƙƙautawa. Binciken hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka, SEC, ya gano cewa daga odar abokan ciniki 212, an ƙulla ciniki sama da miliyan 4 a hannayen jarin kamfanoni 154 cikin kimanin minti 45. A ƙoƙarin gyara, ma'aikata suka cire sabon rubutun daga kwamfutoci bakwai masu lafiya alhali makunnin yana kunne, sai matsalar ta ƙara yaɗuwa.

Kamfanin ya bayyana asarar kusan Dala miliyan 440. A 2013 hukumar SEC ta ci shi tarar Dala miliyan 12, kuma a shekarar ne ya haɗe da wani kamfani mai suna Getco. Saiti ɗaya ne ya sami ma'ana biyu a wurare biyu, wato irin haɗarin da ke tattare da barin kwafi su saɓa wa juna.

Lokacin da kowa ya sha daga rijiya ɗaya

Ɗaya ɓangaren haɗarin ya bayyana a ranar Juma'a, 19 ga Yulin 2024. CrowdStrike, kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka, ya aika wani ƙaramin fayil ɗin saiti mai lamba 291 zuwa kwamfutocin abokan hulɗarsa masu amfani da Windows. Fayil ɗin ya sa manhajar tsaron ta nemi bayanai 21 a inda 20 kawai aka tanada, sai ta miƙa hannu inda babu komai, kwamfutar ta tsaya cak da shuɗin allo. Akwai manhajar da ke tantance irin waɗannan fayiloli kafin a sake su, amma wani aibu da ke cikinta ya sa ba ta gano matsalar ba.

Kamfanin ya janye fayil ɗin bayan minti 78, amma aikin gama ya gama. Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 ne abin ya shafa. Filayen jiragen sama da asibitoci da bankuna da gidajen talabijin a ƙasashe da dama sun shiga ruɗani. Kamfanin jiragen sama na Delta ya soke tashin jirage kusan 7,000 cikin kwanaki biyar, ya kuma ce ya yi asarar kimanin Dala miliyan 500. Da yawa daga cikin kwamfutocin sai da ma'aikaci ya zauna gaban kowace ya goge fayil ɗin da hannu. Babban abin da aka zargi kamfanin da shi shi ne sakin fayil ɗin ga kowa a lokaci guda, kuma daga baya ya yi alƙawarin riƙa sakin irinsa daki-daki.

Makamancin haka ya sami Cloudflare, kamfanin da dubban shafukan intanet ke bi ta hanyarsa, a ranar 18 ga Nuwamban 2025. Wani sauyi da aka yi a rumbun bayanai ya sa wani fayil da ake sabuntawa duk bayan 'yan mintuna ya ninka girmansa, ya wuce iyakar da manhajar da ke karanta shi za ta iya ɗauka. Fayil ɗin na sashe ɗaya ne, mai tantance ko mai ziyartar shafi mutum ne ko na'ura, amma da yake an rarraba shi ga dukkan kwamfutocin kamfanin, sai ya ja wasu ayyukan da dama suka faɗi tare da shi. Shafuka irin su X da ChatGPT sun sami cikas na sa'o'i.

Tushe ɗaya, mai tarihi

Daga irin waɗannan darussa ne injiniyoyi suka tsayar da wata ƙa'ida: a ɗauki fayil ɗin saiti da muhimmancin da ake ɗaukar rubutun manhaja. Ƙanƙantarsa da sauƙin gyara shi su ne ke yaudarar mutane su taɓa shi da garaje.

Mataki na farko shi ne a samar masa da ma'ajiya guda wadda kowa ya amince ita ce tushe, kuma mai riƙe tarihi. Kayan aikin da ya fi shahara a nan shi ne Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Git yana aiki kamar littafin shige da fice na ofis: yana rubuta wanda ya yi sauyi, da ranar da ya yi, da layin da ya taɓa, da dalilin da ya bayar, kuma yana ba da damar komawa ga yadda fayil yake jiya ko bara. Fayil ɗin da ke yawo a imel ko a filashin wani ma'aikaci ba shi da wannan kariya.

Kamfanoni sun bambanta a yadda suke tsara ma'ajiyar. Google ya zaɓi ya tara kusan dukkan rubutun manhajojinsa a rumbu ɗaya. Wata maƙala da ma'aikatansa biyu, Rachel Potvin da Josh Levenberg, suka wallafa a 2016 ta ce rumbun yana ɗauke da layuka kusan biliyan 2. Amfanin haka shi ne duk wanda ya gyara saitin tarayya zai ga kowace manhajar da ta dogara da shi, ya gyara su tare. Wasu kamfanonin kuma suna ware wa saitin ma'ajiya ta musamman, sauran manhajoji su riƙa janyo shi. Facebook ya gina nasa tsarin mai suna Configerator, wanda injiniyoyinsa suka yi bayaninsa a 2015. Akwai kuma manhajoji irin su Consul da etcd da ZooKeeper da ke riƙe saiti su miƙa wa duk manhajar da ta tambaya a lokacin da take aiki, da irin su Ansible da Puppet da ke tabbatar da cewa kowace kwamfuta ta sami abin da ya kamata ta samu, domin kada a maimaita labarin kwamfuta ta takwas.

Abin da ya kamata a haɗa da wanda ya kamata a raba

Ba kowane saiti ne ya cancanci shiga fayil ɗin tarayya ba. Idan aka mayar da shi jakar magori, kowa yana zuba abin da ya ga dama, zai kumbura har ya kai babu mai iya taɓa layi ɗaya ba tare da tsoron abin da zai karye ba.

Abin da aka saba yi shi ne tsara saitin hawa-hawa. A ƙasa akwai abin da ya shafi kowa, kamar adadin haraji ko jerin bankuna. A samansa akwai abin da ya keɓanta ga kowace manhaja, kamar tsawon lokacin da na'urar POS za ta jira sabis. Sai kuma abin da ya danganci muhallin aiki, domin manhajar da ake gwaji da ita ba za ta taɓa rumbun bayanan abokan ciniki na gaske ba. Hawa na sama yana iya sauya abin da ke ƙasa, amma a rubuce kuma a bayyane, yadda duk mai dubawa zai gane daga ina kowane adadi ya fito. Ma'aunin da ake bi mai sauƙi ne: idan saɓani tsakanin manhajoji biyu a kan wani adadi zai zama kuskure, a haɗa shi, idan kuwa dacewa ce kawai ta sa adadin ya zo ɗaya a yau, a bar kowa da nasa.

Kowane sashe da mai shi

Kayan da aka ce na kowa ne, a ƙarshe babu mai kula da shi. Shi ya sa ake rubuta sunan rukunin da ke da alhakin kowane sashe na fayil ɗin. Dandalin GitHub, inda miliyoyin injiniyoyi ke ajiye aikinsu, ya shigo da wani tsari a 2017 mai suna CODEOWNERS, wanda ke neman amincewar masu sashe kai-tsaye da zarar wani ya nemi gyara shi. Ma'aikacin gwamnati zai gane wannan tsari nan take, domin bai bambanta da yadda takardar biyan kuɗi ke bi ta hannun mai shiryawa da mai dubawa da mai amincewa ba. Wanda ya rubuta sauyi ba shi ne zai amince da shi ba.

Bayan idon mutum sai gwajin na'ura. Ana rubuta ƙa'idojin da fayil zai cika, misali adadin haraji ya zama lamba tsakanin sifili da 100, ko girman fayil kada ya wuce kaza, sannan kwamfuta ta duba kowane sauyi kafin ya wuce. Irin wannan gwaji yana kama kurakuran da ido ba ya gani. Wani sanannen misali shi ne abin da injiniyoyi ke kira matsalar Norway: a tsohon tsarin YAML, idan aka rubuta jerin lambobin ƙasashe kamar NG na Najeriya da NE na Nijar da NO na Norway, kwamfuta takan karanta NO a matsayin "a'a", sai ƙasa guda ta ɓace daga jerin. Gwaji mafi inganci shi ne a tayar da kowace manhajar da ta dogara da fayil ɗin a muhallin gwaji, a ga ko za ta iya aiki da sabon saitin.

Bugu-bugu da sakin sauyi daki-daki

Wata dabara ita ce a riƙa bai wa fayil ɗin tarayya lambar bugu, kamar yadda littafi ke da bugu na ɗaya da na biyu. Kowace manhaja sai ta bayyana bugun da take aiki da shi, ta koma sabo bayan injiniyoyinta sun gwada. Wannan yana hana sauyin wani rukuni ya afka wa wani rukunin da tsakar dare. Illarsa ita ce wasu za su yi zamansu a kan tsohon bugu har saɓanin da ake gudu ya dawo ta bayan gida, don haka ake sanya wa'adin da kowa zai koma sabo. Abin da doka ta sa wa rana, irin sauyin haraji, ana rubuta shi ne tare da ranar da zai fara aiki, a rarraba shi tun da wuri, kowace manhaja ta juya da kanta idan lokacin ya yi.

Idan za a sauya sunan wani saiti ko ma'anarsa, ba a yin haka a tashi ɗaya. Ana ƙara sabon suna a gefen tsohon, a jira kowace manhaja ta koma kansa, sannan a goge tsohon. Makunnin da ya gama aikinsa a cire shi tare da rubutun da yake kunnawa, kada a sake ba shi wani aiki. Da Knight Capital ya bi wannan ƙa'ida, da mantuwar ma'aikaci ɗaya ba ta kai ga abin da ta kai ba.

Ko bayan duk wannan, ba a sakin sauyi ga kowa lokaci guda. Ana fara ba wa kwamfutoci kaɗan, ko kashi 1 cikin 100 na masu amfani, a zuba ido a ga ko ƙorafi ko kurakurai sun ƙaru, sannan a faɗaɗa. Mai sayen buhunan hatsi ma yakan soka ɗaya ya duba kafin ya biya kuɗin mota guda. Tare da haka dole a tanadi hanyar komawa baya cikin gaggawa, a kuma gwada ta tun kafin ranar buƙata. Ana kuma gina manhaja yadda idan ta karɓi fayil marar kyau za ta ƙi shi, ta ci gaba da aiki da na baya mai kyau, ta sanar da masu kula da ita.

Makullai ba sa kwana a bakin ƙofa

Akwai nau'in saiti guda da ba a yarda ya shiga fayil ɗin tarayya ba ko kaɗan, wato kalmomin sirri da makullan shiga rumbunan bayanai. Fayil ɗin da rukuni biyar ke karantawa, ma'aikata da dama ne ke ganinsa, har da waɗanda za su bar aiki gobe. Kuma tun da Git ba ya mantuwa, kalmar sirrin da aka saka sau ɗaya tana nan a tarihi ko an goge ta.

A 2016 masu kutse suka sami makullan shiga a cikin wata ma'ajiyar rubutun manhaja ta kamfanin Uber da ke GitHub, suka yi amfani da su wajen kwashe bayanan mutum miliyan 57, fasinjoji da direbobi. Kamfanin ya ɓoye lamarin har zuwa Nuwamban 2017, kuma a 2018 ya amince ya biya Dala miliyan 148 ga jihohin Amurka. Domin kauce wa irin haka ake ajiye sirrika a manhajoji na musamman irin su Vault, waɗanda ke ba kowace manhaja makullin da take buƙata kaɗai, su rubuta wanda ya karɓa, su kuma riƙa sauya makullan lokaci-lokaci. A Najeriya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan jama'a alhakin tsare su, don haka sakaci a wannan fanni yana iya kai kamfani ko hukuma gaban shari'a.

Abin da ya shafi mai saye

Babu ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ke buƙatar dukiyar Google. Git kyauta ne, haka ma yawancin kayan aikin da aka ambata. Rukunin injiniyoyi huɗu a Kano ko Kaduna ko Abuja zai iya ajiye saitinsa a ma'ajiya ɗaya, ya wajabta cewa mutum na biyu ya duba kowane sauyi, ya kuma guji taɓa saiti da yammacin Juma'a ko a ranar biyan albashi. Abin da ya fi wuya shi ne ɗa'a, musamman a ranar da shugaba ya kira yana cewa a gyara adadi yanzu-yanzu, ai layi ɗaya ne.

Ɗan kasuwar da zai sayi manhajar lissafin shaguna uku, ko jami'in da zai sa hannu a kwangilar manhajar ma'aikata, ba sai ya iya rubutun kwamfuta ba kafin ya yi tambayoyin da suka dace. Idan aka sauya haraji ko farashi, a wuri nawa za a gyara? Wa ke da ikon gyarawa, kuma wa ke duba shi? Akwai tarihin da ke nuna wanda ya sauya me da kuma yaushe? Idan sauyi ya ɓaci, minti nawa za a ɗauka kafin a koma yadda ake? Ina ake ajiye kalmomin sirri, kuma me ke faruwa da su idan injiniya ya bar aiki? Kamfanin da ya san aikinsa zai amsa waɗannan ba tare da kame-kame ba, har ya buɗe tarihin sauye-sauyen ya nuna.

Hausawa na cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kamfanonin da aka ambata a sama suna da ƙwararrun injiniyoyi da kuɗi masu yawa, amma ƙaramin fayil ko makunni guda ya durƙusar da su na sa'o'i, wani ma har abada. Yayin da albashi da fansho da cinikin yau da kullum ke ƙara komawa kan manhajoji a Najeriya, tambayar wa ya taɓa saiti, kuma wa ya duba shi, ta cancanci shiga cikin takardar kwangila tun kafin a biya kuɗin farko.